Kitso da Ƙwarƙwata: Fentin Cikin Tsohuwar Mota da Shirun Marubutanmu

 Maƙalar wannan makon za ta sosa ran wasu, don haka a yi mini uzuri tun daga farko.

In ka ɗebe wayar hannu, babu abin da ya kai mota yawan fitowa a littattafanmu na yanzu. Ba a gama babi sai maigadi ya wangale get, wata dalleliyar mota ta sulalo ciki, ƙamshi da sanyi sun bugi amarya, ta lumshe ido ta jingina da kujera. Amma motocin nan ba sa tsufa. Kujerarsu ba ta yagewa, gabansu ba ya tsagewa don rana, kuma ba a taɓa ganin hannun da ya ɗinka kujerar ko ya fesa mata launi. Mai karatu sai ya ɗauka daga sama suke faɗowa, su kuma ɓace ranar da jarumi ya sayi sabuwa.

Zan ɗauki aiki guda ɗaya, ƙarami a ido, in kafa hujja da shi: shirya cikin tsohuwar mota, wato kujeru da dashbod da bangon ƙofofi, kafin a sa musu sabon launi. Ana yin wannan aiki a garejojin Kano da Kaduna da Maraɗi da Damagaram, ana kuma yawan ɓata shi. Abin da ake buƙatar sani game da shi bai fi 'yan shafuka ba, amma a rubuce yake da Turanci ko Faransanci, da ƙananan haruffa, a jikin gwangwanin da yaron shago ke riƙe da shi. Duk wanda ya san littafin Hausa da ya bayyana wannan aiki ya kawo mana sunansa, ni zan fara saye. Kafin nan ina nan kan bakana: laifin wannan shiru namu ne, mu da muke kiran kanmu marubuta.

A Turai da Amurka farfaɗo da tsofaffin motoci sana'a ce mai zaman kanta, tana da ƙungiyoyi da mujallu da gasa. Ƙungiyar FIVA, wadda aka kafa a 1966 don kula da motocin tarihi, ta sa shekara 30 a matsayin mafi ƙarancin shekarun da mota za ta yi kafin a kira ta ta tarihi. In shekaru kaɗai za a duba, mu ma muna da su jibge. Fijo 504 ta fara fitowa a Faransa a 1968, kamfanin Peugeot na Kaduna da ya fara aiki a 1975 ya yi ta harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da daina yin ta. Marsandi samfurin W123, wadda aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, ita ce motar manyan alhazai da manyan ma'aikata a zamaninta. Volkswagen ɗin nan da muke kira kunkuru an harhaɗa ta a Legas. Da yawansu suna nan a bayan gidaje ƙarƙashin darbejiya, kuma yanzu matasa sun fara waiwayarsu, wani don motar mahaifinsa ce, wani don ɗaukar hoton biki ko fim.

Ga yadda abin yake kasancewa. Mutum ya kai motar gareji ya ce a mayar masa da cikinta sabo. A goge kujeru da jiƙaƙƙen tsumma, a rufe gilasai da jarida, a kawo gwangwanin feshi na fentin ƙarfe a fesa. Da yamma mota ta fito tana ƙyalli, mai ita ya biya yana murna. Bayan 'yan makonni fentin ya fara ɓarewa daga inda gwiwar hannu ke gogawa a jikin ƙofa, kujerar direba ta yi danƙo, farar shadda ta tashi da baƙin tabo a gadon baya ranar Juma'a. Sai a ce fentin jabu ne. Sau da yawa fentin ba shi da laifi. An yi kitso ne da ƙwarƙwata, aka shimfiɗa launi a kan datti da maiƙon shekara arba'in.

Bari in bi aikin daki-daki, don in nuna cewa Hausa za ta iya ɗaukarsa.

Farkon abu shi ne sanin me kake taɓawa, domin cikin mota ba abu ɗaya ba ne. Akwai leda mai laushi, wadda ke kan kujeru da bangon ƙofa da saman dashbod. Akwai roba mai tauri, irin ta akwatin gaba da murfin sitiyari da ginshiƙan gefen gilashi. Akwai fata ta gaske. Akwai kuma ƙarfe, kamar gaban tsofaffin kunkuru. Kowanne da abin da yake so da abin da ke kashe shi. Marsandi da yawa da ake rantsuwa cewa kujerar fata gare su, leda ce mai inganci da kamfanin ya sa wa suna MB-Tex. Hanyar ganewa ba wuya: a leƙa bayan abin ta ƙarƙashin kujera. Leda tana da saƙaƙƙen yadi a bayanta, fata kuwa bayanta gashi-gashi ne mai laushi irin na cikin takalmi.

Ledar mota da bututun ruwa na PVC asalinsu ɗaya. Abin da ya sa ɗaya ke lanƙwasa ɗaya ke da tauri shi ne wani sinadari mai maiƙo da ake cakuɗawa a cikin ledar tun a masana'anta. Zafi yana fitar da shi sannu a hankali, kuma dashbod ɗin motar da aka ajiye a rana da gilasai a rufe yana iya wuce digiri 70. Yana cikin abubuwan da ke haddasa hazon nan da ke kwanciya a cikin gilashin gaba, da danƙon da tsohuwar leda ke yi, da tsagewarta daga baya idan ta bushe. Wannan maiƙo yana shiga cikin fentin ƙarfe ya hana shi bushewa sosai, shi ya sa kujera ke kama riga. Idan ma ya bushe, fentin ƙarfe ba ya lanƙwasa, ledar kuwa tana motsi duk lokacin da aka zauna, dole ya farfashe. Launin da aka yi don leda fenti ne siriri mai miƙewa tare da ita. Masu sayar da shi kan kira shi rini, amma ba irin rinin baba ba ne da ke ratsa zare. A saman ledar yake kamawa, don haka duk abin da ya shiga tsakaninsu ya raba su.

Babban abin da ke shiga tsakani shi ne folish ɗin nan da ake fesa wa dashbod a wajen wankin mota don ya yi sheƙi. Yawancinsa yana da silikon, kuma silikon abokin gabar fenti ne. Ɗan kaɗan ya isa ya sa fenti ya dare ya bar ƙananan ramuka, waɗanda masu fenti a Turai ke kira idon kifi. Motar da aka yi shekaru ana shafa mata shi, wanki ɗaya ba ya fitar da shi. A ƙara da gumi, da man shafawa, da man kitso a matashin kai, da hayaƙin sigari, da turare, da ƙurar hunturu da ta cika kowane ƙaramin zane na jikin ledar.

Saboda haka duk abin da zai ciru a ciro shi daga motar. A ɗauki hoto kafin a kwance, a zuba kusoshin kowane ɓangare a ledarsa daban a rubuta suna, a kuma bi maƙalan roba a hankali don tsufa ya sa sun zama kamar ƙwai. Sannan a wanke da ruwan ɗumi da sabulun ruwa na wanke kwanuka, a sa buroshi mai laushi a bi cikin zanen ledar da bakin ɗinki, a ɗauraye har sai babu sauran santsin sabulu, a maimaita sau biyu ko uku. Bangon ƙofa kuwa kada a tsoma shi a ruwa, domin bayansa katakon kwali ne, in ya sha ruwa ya kumbura ya karkace ba ya komawa daidai. A shanya a inuwa a bari ya kwana, saboda layin ɗinki yana ɓoye ruwa, ruwan kuma zai fito ne bayan an fesa launi.

Bayan sabulu sai abin cire maiƙo. Akwai wanda aka yi musamman don leda da roba, in babu shi sifirit yana aiki. A nan ne ake tafka ɓarna mafi yawa. Fetur da kalanzir da gas suna barin nasu maiƙon, ga kuma haɗarin gobara. Tina mai ƙarfi tana narkar da wasu robobin ta shafe zanensu. Yadda ake gogewar ma yana da ƙa'ida: tsumma biyu masu tsabta, ɗaya jiƙe ɗaya busasshe, a ja zuwa gefe ɗaya, a bi da busasshen kafin ruwan ya tashi, a riƙa juya tsumman. Wanda ya yi ta murzawa yana zagaye, yawo kawai yake yi da maiƙon daga wannan kusurwa zuwa waccan. Tsumman da ya taɓa ganin folish kada ya kusanci wurin. Daga nan kuma ba a sake taɓa abin da hannu tsirara, sai da safar hannu, domin yatsa ma yana barin maiƙo.

Ta yaya za a san ya tsarkaka? A zuba masa ruwa mai tsabta. In ruwan ya bazu ya kwanta, an gama. In ya dunƙule ya zama ɗigo-ɗigo kamar a kan ganyen gwaza, da sauran aiki, a koma wanki.

Roba mai tauri tana da nata gwajin, domin iri biyu ne suka fi yawa kuma ido ba ya raba su. A ɗiga asiton, wato sinadarin da ke cikin ruwan goge jan farce, a bayan abin inda ba a gani, a murza da yatsa cikin safa. In wurin ya yi laushi ya yi kamar zai narke, irin robar da ake kira ABS ce, fenti yana kama ta da sauƙi. In ko gezau bai yi ba, dangin PP ce, robar da ake yin kujerun biki da bokitai da ita, wadda kusan komai ke zamewa a kanta, har ruwa yakan dunƙule a jikinta ko da tana da tsabta. Wannan sai an fara fesa mata wani siririn sinadari mai sa fenti ya riƙe, wanda ni zan kira ruwan riƙo har sai masu sana'ar sun ba mu sunan da ya fi shi. Wani gwajin kuma shi ne a yanki ɗan ƙanƙanin ɓalli daga baya a jefa a kofin ruwa: PP tana tasowa, ABS tana nutsewa. Motocin baya-bayan nan sukan zo da sunan robar a buge a bayanta, tsofaffin kuwa sau da yawa babu.

Sai gurzawa. Manufarta kashe sheƙi don launi ya sami wurin kamawa. Roba mai tauri a bi ta da sanfefa mai laushi, lamba 600 ko kusa da haka, ko soson gurza mai ruwan toka, ba tare da danne hannu ba. Leda mai laushi soson ya ishe ta. Wanda ya ɗora mata sanfefa mai kaushi zai share zanen nan mai kama da fata, kuma ba ya dawowa. Bayan gurzawa a sake gogewa, don garin da ya fito shi ma datti ne.

Tsagar dashbod ita ce inda ake fi gane gwani. Bodi-fila da fanel bita ke cike jikin mota da ita an yi ta ne don ƙarfe. In aka cusa ta a dashbod, da rana ta buga, ledar ta buɗe ita ta ƙi buɗewa, sai ta ɓalle ta bar rami ya fi na da. Daidai shi ne a yanke leɓen tsagar da ya tashi, a ɗan faɗaɗa bakinta, a cike soson da ya zube a ƙasa, sannan a sa abin ciko mai lanƙwasa. In kuwa ka danna ledar da babban yatsa ta farfashe kamar busasshen ganye, kwananta ya ƙare, a kai wa mai ɗinkin kujera ya sa sabuwa. Babu launin da ke mayar da tsohuwa yarinya.

Yanayi ma yana cikin shiri. Gwangwanayen nan an yi su ne da lissafin zafin da bai wuce digiri 20 zuwa 25 ba. A bazara namu zafin yana haura 40, fentin sai ya bushe a iska kafin ya sauka, ya bar kaushi kamar yashi. Da damina laimar iska tana sa shi ya yi fari-fari. Da hunturu ƙura ce. Mafita ita ce sassafe, a inuwa, a wurin da iska ke ratsawa ba tare da ta kwaso ƙasa ba, a yayyafa ruwa a daɓe. Kafin a fesa wa duka, a gwada a ɓoyayyen wuri, a bari ya kwana, a tsaga shi gicciye da reza, a manna salatif a fizge. In launi ya biyo salatif, shirin bai yi ba. In ya zauna, sai a fesa siriri-siriri, a bar minti biyar zuwa goma tsakanin kowane zagaye. Feshin shi ne mafi gajarta a duk aikin. Abu biyu kuma ba sa cikin zaɓin mai mota: saman dashbod dole ya zama mai duhu marar sheƙi, don mai ƙyalli yana haskawa a gilashi ya kashe wa direba ido, bel ɗin kujera kuwa ba a rina shi ba a sa masa tina, domin sinadari yana raunana zarensa.

Fata tana da nata hali. Yawancin fatar mota tana da launi shimfiɗe a samanta tun daga majema. Kamfanin Connolly na Ingila, wanda aka kafa a 1878, shi ya daɗe yana ba Rolls-Royce da Jaguar fata, har aikin sabunta launin kujera ya ɗauki sunansa a can. Kafin a sake mata launi sai an wanke, an cire tsohon launin da ya saki, an fitar da maiƙo. Wanda ya shafa mata mai don ta yi laushi sannan ya fesa launi nan take, ya yi aikin baban giwa. Wannan ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar da fatun jar akuyarta suka ratsa Sahara har Turawa suka san su da sunan fatar Maroko. Majemi da baduku sun san ba a sa launi a fatar da ba a gyara ba, marini a Ƙofar Mata ya san sabon yadi sai an wanke masa sitati kafin ya shiga karofi. Ilimin yana nan a hannun mutanenmu. Abin da ya rage shi ne wanda zai haɗa shi da na leda da roba ya sa a takarda.

Akwai ma tambayar da ta riga duk waɗannan: shin dole ne a yi fentin? A 2024, a gasar Pebble Beach ta Kalifoniya, ɗaya daga cikin manyan gasannin tsofaffin motoci a duniya, Bugatti ta 1934 da aka bari da tsufanta ita ta lashe babbar kyauta, karo na farko da mota daga rukunin waɗanda ba a sabunta ba ta yi haka. Sau da yawa kujerar Marsandi da ake shirin fesawa, wanki uku na kirki kawai take nema launinta na asali ya fito. Wanki ana iya maimaita shi. Fenti in ya hau, ya hau.

Yanzu ga abin da ya sa na ce maganar ta wuce kwalliyar mota. Wanda ke yin gogewar da feshin galibi yaro ne ɗan koyo, mai shekara goma sha wani abu, a cikin motar da aka rufe gilasanta don gudun ƙura. Tina tana ɗauke da sinadarai irin su toluwin da zailin masu sa jiri da ciwon kai, masu taɓa jijiyoyi in an daɗe ana shaƙa. Fetur da yake wanke hannu da shi yana da benzin, wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini. Fentin da ake haɗawa da sinadarin ƙarfafawa, wanda ake kira 2K, yana da aisosayanet, sanannen mai haddasa asma ga masu fentin mota. Hankici a hanci ko takunkumin takarda ƙura kawai suke tarewa, tururin sinadari yana wucewa. Wanda ke tare tururin tina shi ne takunkumi mai gwangwanin gawayi, 2K kuwa sai mai kawo iska ta tiyo daga waje. Gwangwanin madarar da ake ba mai fenti bayan aiki don ya wanke ƙirji ba ya wanke komai, domin madara ciki take tafiya, tururi kuwa huhu. Gargaɗin kada a shaƙa kuma kada a yi aiki a rufaffen wuri yana rubuce a jikin gwangwanin. An rubuta shi ne da harshen da ba a yi don yaron ba, mu kuma da muka iya harsunan biyu muna can muna siffanta ƙamshin motar jarumi.

Na san amsoshin da za su biyo baya, bari in tare su.

Za a ce wannan ba adabi ba ne, aikin injiniyoyi ne. To waɗanda suka kafa rubutun bokon Hausa ba su yi wannan rabon ba. Abubakar Imam, wanda ya rubuta Magana Jari Ce, shi ne kuma ya haɗa hannu da Rupert East suka rubuta Ikon Allah don bayyana kimiyyar halittu da Hausa. Hukumar NORLA a Zariya, a shekarun 1950 lokacin Yaƙi da Jahilci, ta buga ƙananan littattafai na koyar da abubuwan rayuwar yau da kullum tare da na hira. Ba su ga ƙasƙanci a ciki ba. Mu ne muka ƙuntata kalmar marubuci har ta koma mai ba da labarin aure kaɗai. Injiniya kuma ba lalle ne ya iya jera jimlar da yaro zai bi ba tare da ya ruɗe ba. Wannan jerawar ita ce sana'armu.

Za a ce Hausa ba ta da kalmomin. Wanda ya faɗi haka bai zauna a gareji ba. Sanfefa, tina, bodi-fila, salatif, firama, duk suna bakin mutane, sun daɗe da zama Hausa. Inda babu kalma sai a bayyana abin da yake yi, a kai wa masu aikin su karɓa ko su gyara. Abin da ba ya aiki shi ne mutum ya zauna a ɗaki da ƙamus ya ƙirƙiro kalmar da babu bakanike ɗaya da zai gane.

Za a ce ai akwai bidiyo a YouTube. Akwai, yawancinsu da Turanci, an ɗauke su a garejin da ke da sanyi, ana amfani da kayan da babu su a Ƙofar Ruwa ko Fanteka. Ba za su gaya maka abin da za ka yi da hunturu ba, ko me zai maye gurbin gwangwanin da ba a shigo da shi. In ma bidiyon Hausa za a yi, sai wani ya fara rubuta abin da za a faɗa a ciki, a jere, ba tare da tsallake mataki ba.

Za a ce ba mai saye. John Haynes na Ingila ya kafa kamfanin ɗab'i a 1960 a kan littattafan gyaran mota, aka sayar da miliyoyin kwafe. Hanyarsu ita ce su sayi motar, su kwance ta ƙusa-ƙusa, su mayar, suna ɗaukar hoto suna rubutawa. Ba na cewa ɗan littafin Hausa a kan fentin kujera zai mayar da wani attajiri. Amma mai gareji da ke da yara goma, wanda ake dawo masa da aiki ana zagi, yana da dalilin sayen littafin da zai hana hakan fiye da dalilin da yake da shi na sayen labarinmu na ɗari a kan kishiya.

Ko ga mai rubuta ƙagaggen labari ma, ribar a fili take. Ka ɗauki saurayin da ya gaji Fijon mahaifinsa, yana wanke kujerar direba da buroshi, ya tarar da inda bayan tsohon ya koɗar da ledar, ya tsaya yana shawara ko ya rufe wurin da launi ko ya bar shi. Ka ɗauki maigidan gareji da ya san daidai, amma mai mota na tsaye a kansa yana cewa gobe ne ɗaurin aure, shi kuma yana buƙatar kuɗin. Akwai labari a nan, da gwajin amana da na talauci, amma ba zai rubutu ba sai ga wanda ya san dalilin da ya sa aikin ke cin kwana uku. Marubucin da bai san yadda ake yin komai ba, dole duk mutanensa su zama 'yan kasuwar da ba a san abin da suke sayarwa ba.

Ga abin da nake nema, kuma bai fi ƙarfin kowa a nan ba. Kowannenmu ya zaɓi sana'a ɗaya a unguwarsu, mai ɗinkin kujerar mota, ko mai fenti, ko baduku, ko mai gyaran fanka. Ya je ya gaida maigidan da ladabi, ya nemi izinin zama, ya yi kwana biyu yana kallo yana tambaya. Ya rubuta aiki guda ɗaya daga farko zuwa ƙarshe a shafi biyu, da sunayen kayan yadda ake kiransu a wurin, da abin da ke faruwa in an tsallake mataki, da abin da ke cutar da mai yin. In akwai gargaɗi a jikin gwangwani ya juya shi zuwa Hausa. Sannan ya koma ya karanta wa maigidan a gaban yaransa. Inda suka yi dariya ya gyara, inda suka ce ba haka ba ne ya goge. Abin da ya tsira daga wannan shi za mu kawo nan mu tace, in sun taru mu nemi ƙungiyoyinmu na marubuta su buga su tare, a ba kowane gareji da ya koyar da mu kwafinsa.

Manyanmu da ke cikin wannan zaure, in na yi kaushin harshe a gafarce ni, in kuma akwai hujjar da ta rushe tawa ina sauraro. Allah ya sa alƙalumanmu su amfani waɗanda ke cin abinci da hannunsu. Wassalam.